Baƙuwar da Baba Ya Shuka

Bazarar bana ta zo da irin zafin da na manta akwai shi a duniya. Tun da hantsi ƙasa take ɗaukar wuta, bango ya yi zafi, ruwan randa ma ya koma kamar an ɗora shi a murhu. A irin wannan rana ce ƙanena Habu ya ajiye babur ɗinsa a ƙofar gidana a nan Haɗeja, ya shigo yana ɗingishi, ƙafa ɗaure da tsumma. Ban tambaye shi abin da ya same shi ba. Duk wanda ya fito daga ƙauyenmu yana ɗingishi, an san ƙaya ya taka.

Ya sha ruwa, muka gaisa, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya shiga ba ni labarin tsadar shanu a kasuwar Kafin Hausa. Habu tun yana yaro haka yake, idan zai roƙi abu sai ya zaga gari da kai tukuna. Na bar shi ya gama zagayensa.

"Yaya, an yi zama a ƙofar mai unguwa," ya ce daga ƙarshe. "Za a yi gayya kafin ruwa ya sauka. Duk wata baƙuwa da ke bakin fadama za a sare ta, a ƙone kututturen."

"Allah ya taimaka. Ai an ma makara."

"To, sun ce har da ta gida."

Na ajiye maficin da ke hannuna. "Ta wane gidan?"

"Haba Yaya, kin san wadda nake nufi. Sun ce ba amfanin share fadama alhali uwar tana tsaye tana zubar da 'ya'ya. Ni kuwa na ce ba zan sa mata gatari ba sai da yawunki. Ke ce babba."

Na ce masa ya je zan yi tunani. Ya tafi yana ɗingishinsa, ya bar ni da abin da ya kawo min, ni kuwa har la'asar ban iya taɓa aikin komai ba.

Baƙuwa bishiya ce, kuma mu muka raɗa mata wannan suna don babu wanda ya san na gaskiyar. Tana da ƙaya doguwa mai dafi, ganyenta ƙanana kamar na bagaruwa, ba ta kaɗewa rani da damina. Tana yin fure ruwan ɗorawa, sannan ta zubo da 'ya'ya dogaye kamar busasshen wake, masu ɗan zaƙi. Ta farko da ta taɓa tsayawa a ƙasarmu, can gefen Kirikasamma, ita ce wadda ke tsakar gidanmu, kuma mahaifinmu ne ya kawo ta da hannunsa.

Ina 'yar ƙarama lokacin. Baba yakan zo cin rani Haɗeja idan an gama girbi, yana ga-ruwa. Cikin gidajen da yake kai wa ruwa akwai na wani malamin makaranta, mutumin wata ƙasa mai nisa, wanda ya kewaye gidansa da wannan bishiya don ado. Baba ya ce duk garin ya bushe ƙayau amma gidan nan kore shar, har yakan sauke garwarsa ya tsaya kallo. Ranar da zai koma gida malamin ya ba shi ɗan dashe guda a gwangwanin madara. Haka ya rungumo gwangwanin nan a kwale-kwale, yana kare shi da hularsa.

Inna ta dubi tsarabar, ta dubi mai tsarabar. "Malam, mutane suna kawo mangwaro da gwaiba, kai ka rasa abin da za ka ɗauko sai ƙaya?"

"Ba ki ga gidan mutumin nan ba ne. Don kyau ake shuka ta."

"Kyau za mu ci?"

Baba ya wuce da gwangwaninsa. Ya haƙa rami kusa da turken awaki, ya dasa ta, ya kewaye ta da kara. Daga ranar ya mayar da wurin wajen alwalarsa, don kada ruwan buta ya tafi a banza. Ni yake kira in riƙe masa butar. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "Uwata". Kafin in isa tallar gyaɗa bishiyar ta wuce katanga, ta baje rassa, ta rufe rabin tsakar gida.

Sai shekarar nan ta zo, wadda har yau tsofaffinmu ba sa son a ambace ta ana cin abinci. Damina ta fara kamar da gaske, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa, ruwa ya ɗauke. Muka yi ta duban gabas. Hadari zai haɗu baƙi ƙirin, iska ta taso, mata su kwashe shanya, sannan ya watse ba ko ɗigo. Gero ya murɗe ya tsaya. Mu mutanen fadama ba mu cika tsorata da fari ba, don ko sama ta hana, kogi yakan cika ya malalo mana, mu sami shinkafa da kifi. A wannan shekara kogin ma bai fito daga bakinsa ba. Shinkafar da aka watsa tana jiran ambaliya a nan ta bushe, tsuntsaye suka tsince ta.

Kafin a shiga bazara sosai rumbunmu ya koma wurin kwanan kaji. Kuma a tsakiyar wannan zafi azumi ya kama.

Ina iya tuna yadda kowace rana take tafiya, don duk iri ɗaya ce. Da an idar da sallar asuba mata za su nufi rijiya, tun kafin layi ya yi tsawo. Guga zai sauka ya daɗe, ya fito da rabin ruwa rabin laka, a zuba a tulu a jira ya kwanta. Daga nan mu 'yan mata mu bi Inna da ƙawayenta zuwa busasshen tafki tonon bado. Ƙasar ta tsage har ƙafar mutum tana iya shigewa. Da itace mai tsini muke tono, idan aka dace a samo 'yan ƙwallayen saiwarsa, baƙaƙe, waɗanda a shekarar ƙoshi ko kallonsu ba ma yi. Maza kuwa suna can gaba suna bubbuga ƙasa da sanda suna neman gaiwa, kifin nan da yake binne kansa a laka ya jira ruwa. Ranar da Baba ya samo guda, unguwa ta ji ƙamshi, kuma sai da kowane gida na kusa ya ga ɗan yanki a ƙasan kwanonsa.

Dabbobi su suka fi ba ni tausayi. Aka sassare rassan gawo aka ba su, aka koma kan marke da kanya, har bishiyoyin jeji suka tsaya tsirara. Saniya za ta kwanta a burtali ta kasa tashi, a taru a ɗaga ta, gobe ta sake kwanciya. Maƙwabciyarmu Goggo Dije, wadda asalinsu makiyaya ne kafin su zauna a gari, ta shiga bazara da shanu, ta kai tsakiyarta da 'yan awaki kawai, su ma ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa.

Amma a tsakar gidanmu baƙuwa ko a jikinta. Kamar ma farin ne ya yi mata daɗi. Ta yi fure har ƙudan zuma suka dame mu, ta shiga zubo da 'ya'ya ba ƙaƙƙautawa. Awakinmu suna ɗaure a gindinta, abinci yana faɗo musu daga sama. Gashinsu ya kwanta yana sheƙi, uwar garken har nono take bayarwa.

Idan rana ta take tsaka babu sauran inuwa a unguwar sai tamu. Tun ana jin nauyin shigowa har aka daina. Tsofaffin mata su shimfiɗa tabarma ta ɓangaren ɗakin Inna, maza su zauna ta bakin zaure inda rassan suka tsallake katanga. Ba mai magana sosai, bakin kowa ya bushe, leɓe ya tsage. Wani ya jiƙa rawani ya ɗora a ka, wata ta kwanta a kan yashi mai sanyi kusa da randa. Abin da ake ji kawai kukan kurciya da ƙarar 'ya'yan bishiyar suna faɗowa a kan tabarma. Baba yana kan buzunsa ya jingina da gindinta, carbi a hannu, yana satar kallon Inna.

Wata rana ya kasa haƙuri. "Wai ni, wa ya taɓa tambayata ko kyau za mu ci?"

"Malam, ka ji tsoron Allah, da azumi a bakinka," in ji Inna. Tsofaffin nan da ko ƙarfin magana ba su da shi sai da suka yi dariya.

Inna ce ta fara gwada ta a abinci. Ta ga yara suna tauna 'ya'yan suna tsotse zaƙin, ba wanda cikinsa ya ɓaci. Sai ta daka su sama-sama a turmi, ta jiƙa, ta tace da rariya, ta dama ɗan kunun da za a sha ruwa da shi. Kunun tsararo ne, da dusa aka yi shi, amma ya sami zaƙi da wani ɗan ƙamshi, da ɗaci kaɗan a ƙarshen harshe. Da ladan ya kira magariba muka kafa kai a ƙwarya ɗaya, ludayi yana zagayawa. Na sha kunu iri-iri a rayuwata, da madara da sukari da komai, amma babu wanda nake marmari irin wannan. Wallahi wani lokaci ina zaune haka kawai sai in ji ɗanɗanonsa a bakina, idona ya kawo ruwa.

Goggo Dije ce ta fara zuwa roƙo, da 'yar ƙwarya ɓoye a mayafi, tana ta kame-kame.

"Dije, mene ne na ɓoye ƙwarya?" in ji Inna. "Je ki kunto awakin ki kawo su nan. Me za su ci a can, ƙasa?"

Daga awakin Goggo Dije sai na gidan liman, sai na gidan wanzami, har tsakar gidanmu ta koma kamar kasuwar dabbobi. Kullum da safe mu share abin da ya zubo mu tara, Inna ta raba da faifai, kason mutane daban, na dabbobi daban. Ba ta taɓa mayar da kowa hannu wofi ba. Awakin unguwarmu da yawa da suka ga damina, a gindin bishiyar nan suka gan ta.

Inda dabbobi suka yi kwana da kwanaki kuwa, taki yakan taru. A al'adarmu takin na mai gida ne, tunda a gidansa aka ci. Baba ya ƙi. Ya ce kowa gonarsa ta sha wuya, kowa ya samu. Aka yi gayya da sanyin safiya, masu jakuna suka kawo mangala, aka yi ta lodi ana kaiwa gona-gona, tuli-tuli, tun daga kan tudu har gonakin da ke gangarawa bakin fadama. Mutane suna ta sa masa albarka. Babu wanda ya san cewa ƙwayar baƙuwa ba ta narkewa a cikin akuya, lafiya lau take fitowa, har ta fi saurin tsira.

Ruwan farko ya sauka ana cikin goman ƙarshe na azumi, da la'asar sakaliya. Iska ta fara kawo ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa tun daga nesa, muka ƙi yarda, don an sha yaudararmu. Sai ɗigo ya faɗo a kan kwanon da Inna ta kife, sai wani, sai sama ta ɓalle. Yara muka fita muna tsalle a cikinsa. Manya da azumi a baki suka tsaya a tsakar gida, ruwa yana bin fuskarsu, sun datse leɓe kada ya shiga. Na ga Baba ya ɗaga hannu sama, rigarsa ta manne masa a jiki, ban san ko kuka yake yi ba ko ruwan ne.

Washegari kowa ya fita shuka. Inna ta fasa bakin wani tulu da ta liƙe da laka tun kaka, wanda ko a ranar da muka kwana da yunwa ba ta yarda an taɓa ba. Irin gero ne a ciki, gauraye da toka. Baba yana gaba da sungumi yana sara, mu muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige. Ƙasa tana da ɗumi da laushi a tafin ƙafa. Rabon da in ji Inna tana waƙa tun kafin farin, sai ranar.

Gero ya tsiro, kuma tare da shi, duk inda aka zuba taki, wasu 'yan tsirrai masu ƙananan ganye suka fito. Ranar noman farko Habu ya ɗaga fartanya zai share su, Baba ya riƙe masa hannu. Ya durƙusa ya duba da kyau, fuskarsa ta washe.

"Uwata, zo ki gani. 'Ya'yan baƙuwa ne." Ya juya wajen Habu. "Na tsakiyar kunya ka cire, amma na kan iyaka ka bar su. Ita ta riƙe mu."

Manomin ƙasarmu dama ba ya kashe ɗan gawo ko ɗan tsamiya idan ya tsiro masa a gona, yakan kewaye shi da fartanya ya wuce. Haka kowa ya yi wa baƙuwa a wannan damina. Wa zai sa ƙarfe a kan abin da ya ciyar da 'ya'yansa? Har Goggo Dije sai da ta tono guda ta dasa a bayan ɗakinta, tana ba ta ruwan wanke-wanke.

Bayan 'yan shekaru kogi ya dawo da cikarsa. Ambaliya ta hau gonakin gangare, ta kwashi 'ya'yan da suka zube, ta rarraba su duk inda ta ga dama. Awaki da tumaki suka ƙarasa sauran aikin.

Wanda bai san fadamarmu a da ba, ba zai gane abin da nake kewa ba. Idan ruwa ya ja baya, ciyawar burgu ce shimfiɗe iyakar ganinka, shanu a ciki har ciki, bishiyoyin giyayya jefi-jefi a bakin ruwa, belbela fari fat. Daga ƙofar gari kana hango masu kamun kifi da koma a tafki, har ka gane wane ne da wane. Yanzu idan ka tsaya a wurin ba ka ganin komai sai duhun ƙaya. Hanyar da amalanke biyu suke wucewa ta koma ta mutum ɗaya, shi ma a karkace. Ba abin da yake tsira a ƙarƙashinta. Tsuntsayen jan-baki sun sami gidan kwana, daga can suke sauka a kan shinkafa. Ƙayar tana fasa tayar babur, tana huda takalmi, inda ta soka kuma sai ya kumbura. Awakin da suka dogara da 'ya'yanta haƙoransu suke lalacewa. Idan ka sare ta ba ka ƙone gindin ba, kafin wata damina ta fito da kai biyar. Rabin gonar da Habu ya gada tana ƙarƙashinta.

Baba ya ga farkon wannan da idonsa. Da tsufansa yakan wuni yana tonon saiwarta a gona, ya dawo hannu duk jini, ya wanke, ya shimfiɗa buzunsa a gindin ta gida, ya yi alwala a inda ya saba. Na taɓa tsokanarsa na ce, "Baba, can kana yaƙi da 'ya'ya, nan kana shayar da uwa?"

Ya ce, "Uwata, waɗancan ban san su ba. Wannan kuwa tare muka yi azumi."

Shi da Inna duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Ɗakunan ƙasa sun rushe an yi na bulo, rijiyar ta zama famfo, turmin Inna ya tsage an hura wuta da shi. A gidan nan kaf babu abin da ya rage wanda ya san su sai bishiyar. Shi ya sa maganar Habu ta yi min nauyi. Na so in ce a'a, kuma na san idan na faɗa ba zai musa min ba, sai dai ya sha kunya a gaban mutanen gari. Amma na tuna tsumman da ke ƙafarsa, na tuna yana da 'ya'ya da za su ci daga wannan gonar.

Ranar gayyar na hau mota na je. Na tarar an fara aiki a bakin fadama, hayaƙi yana tashi, ana jin saran gatari da ihun samari. Na ce wa Habu na yarda, amma su bar ta gida sai bayan azahar. Na shimfiɗa tabarma a gindinta, na yi alwala a wurin Baba, na yi salla, na jingina da ita. Kurciya tana kuka a sama. 'Ya'yan suna faɗowa a kan tabarma da irin ƙarar nan tasu. Na rufe ido, kuma na ɗan lokaci kowa yana nan, har Goggo Dije da ƙwaryarta.

Sannan samarin suka shigo da igiya da gatura. Ban tsaya kallo ba, na shiga ɗakin matar Habu, sai dai na ji faɗuwarta a ƙirjina. Da na fito, tsakar gidan ta yi wani irin haske da ban san ta da shi ba, rana ta sauka har bakin zaure. Na ɗauki tabarmata na rasa inda zan shimfiɗa ta.

Suka tara busassun rassa a kan kututturen suka kunna wuta. Ana cikin haka na sunkuya na tsinci 'ya'yan guda biyu masu kyau, na ƙulle a bakin mayafina. Ban yi wani tunani ba, so nake in tafi da wani abu. Ashe Habu yana kallona. Ya matso kusa don kada samarin su ji.

"Yaya," ya ce a hankali, "kina da awaki a gida."

Na tsaya da ƙullin a hannuna. Haka Baba ya rungumo gwangwaninsa, shi ma don yana so ne. Na kwance mayafin, na karya ɗaya na sa a baki. Zaƙin yana nan yadda na san shi, da ɗan ɗacin a ƙarshen harshe. Na tauna a hankali har ya ƙare, na ci na biyun, na tofa ƙwayoyin a tafin hannuna, na duba ko akwai wadda ta faɗi ƙasa. Sannan na taka zuwa bakin wutar na zuba su da kaina.